Shirin wayar da kan sabbin ɗalibai masu mansiyon a Maradi: abin da na gani

Idan ɗanka ko ɗiyarka ya ci bak, jarabawar gama lise, da mansiyon, wato maki 12 zuwa sama cikin 20, aka kuma gayyace shi irin shirin nan na wayar da kai kafin shiga jami'a, ka bar shi ya je, kai ma ka bi shi ko da yini guda ne. Na halarci wani nan Maradi a hutun daminar da ta wuce, tare da ɗiyata ta fari wadda ta ci bak a seri D, ɓangaren kimiyya, da maki 14 da ɗoriya cikin 20. Wasu tsofaffin ɗalibai ne suka haɗa kai da malaman jami'a da na lise suka shirya shi, suka gayyaci duk yaron da ya samu 12 zuwa sama. Ba a karɓi ko dala ba. Kuɗin kabu-kabu da na fotokofi kaɗai suka fita daga aljihuna, kuma na samu abin da ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba, ko da yake akwai wuraren da shirin ya gaza.

Ni malamin firamare ne, amma jami'a ban taɓa zama cikinta ba, kuma haka mafi yawan iyayen da na gani a zauren suke: ƴan kasuwa, manoma, masu ɗinki, matan gida. Abin da muka sani shi ne yaro mai ƙoƙari likita zai zama, ko kuma a tura shi waje. Tun ranar da sakamako ya fito dangi suka fara kiran ɗiyata “likita”, ba wanda ya tambaye ta ko tana iya kallon jini.

Sashen da ya fi burge ni shi ne na takardu, wanda a ido ya fi kowane rashin armashi. An ce kowane yaro ya zo da takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar makin bak, da shaidar cin jarabawa. Aka jera tebura, ɗalibai ƴan shekarar ƙarshe suka zauna suna bin sunaye harafi bayan harafi. Yaron da ke gabanmu a layi, a wata takarda an rubuta sunansa da “ou”, a wata da “u”, sunan mahaifinsa kuma ya koma gaba a ɗaya, baya a ɗaya. Mahaifin ya ce, “To ai duk shi ne.” Yarinyar da ke dubawa ta ce, “Baba, ni na san shi ne, amma wanda zai karɓi dosiye bai san shi ba, takarda yake gani.” Ta rubuta masa inda zai fara da abin da zai riƙa. Duk wanda ya san yawan yaranmu da ba a yi wa takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya aka je kotu aka nemo hukuncin da ke maye gurbinta, ya san wannan aikin ba ƙarami ba ne. An kuma ja kunnenmu a kan burs, wato tallafin karatu na gwamnati: hukumar ANAB ce ke kula da ita, ana duba maki ana duba shekarun haihuwa, kuma mansiyon ba ya cika wa kowa dosiye. Sai ka nema, a kan lokaci, da kofe masu hatimi. Suka ce kowane uba ya tanadi guzurin watannin farko, kada ya sallami yaro da alkawarin kuɗin da bai zo hannu ba.

Daga nan aka shiga bayanin yadda karatun yake. Lisans, wato digirin farko, shekara 3, masta 2, dakta 3. Shekara ta kasu zango biyu, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, sai an tara 180 a karɓi lisans. Likitanci kuwa tafiya ce ta shekara 7 ko fiye. Wata ɗalibar likitanci ta faɗi abin da na ga ya shiga yaran: a lise malami ya san sunanka, ya san ranar da ba ka zo ba, a amfi kuwa, wato babban zauren darasi na jami'a, ba mai nemanka, kuma waɗanda aka saba tafa wa su ne suka fi jin zafin faɗuwar farko, har wasu su ɓoye wa iyayensu. Ta ce sake zama jarabawa ba abin kunya ba ne, kunyar ita ce ka yi shiru har zango ya wuce. Ba ta yi wa kowa daɗin baki ba, kuma na ji daɗin haka.

An yi adalci wajen gabatar da makarantu. An yi maganar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta samo asali tun 1971, da makarantar EMIG ga masu son injiniyanci da ma'adinai, da jami'o'in Damagaram da Tawa, da guraben karatu a ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya. Amma an ba jami'ar gida lokacinta, wato Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda aka kafa a 2010 aka kuma raɗa mata sunan ɗan Maradi masanin kimiyyar sinadarai. Akwai tsangayar noma da muhalli, da ta kimiyya da fasaha, da ta kiwon lafiya, ga kuma cibiyar fasaha ta IUT mai koyar da gini da lantarki da kanikanci. Wani ya yi mana lissafi a allo: Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, ga haya, ga abinci, ga kuɗin mota duk hutu. Bai ce kada a je ba. Cewa ya yi a je da dalili, ba don a ji daɗin faɗa wa maƙwabta ba.

Malamin noma ne ya sace zukatan zauren. Ya ɗaga wani ɗan buhun algarara wanda bai fi tafin hannu biyu ba, ya ce a cikin irinsa ake renon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro, a rataye a gona, ya fita ya farauci tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maradi sun daɗe a kan wannan aiki, haka ma a kan buhun nan mai hawa uku da ake adana wake ba tare da magani ba. Ya tambayi yaran ko sun san sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona ana yi masa aski har ya zama itace, daga wannan jiha ya bazu tun shekarun 1980 har duniya ta zo koyo. Da yawa ba su sani ba, alhali gonakin kakanninsu ne. Wani dattijo kusa da ni, da rawaninsa, ya ce a hankali, “Ashe wannan ma karatu ne.” Na ga yaran da suka shigo suna yamutsa fuska idan an ce noma, sun fita suna neman lambar malamin.

Inda shirin ya gaza kuwa, na farko shi ne gayyata. A WhatsApp aka yaɗa ta, sai kuma ta bakin malaman cikin gari. Da na duba zauren, kusan duka ƴan birni ne. Ina yaran Dakoro da Mayahi da Tasawa da Gidan Rumji, waɗanda suka ci bak suka koma gida noma? Su ne ba su da yaya ko kawu da ya yi jami'a, su ne suka fi bukatar wannan bayani, kuma su ne ba su ji ba. Gidajen rediyo suna nan, sanarwa da Hausa ba za ta gagara ba, kuma da an nemi a ba su masauki, na tabbata akwai gidajen da za su buɗe ƙofa, har da nawa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, don na koyar a ƙauye, na san irin kaifin yaran da ke can.

Na biyu, an bar wakilan wasu makarantu masu zaman kansu sun kafa tebura a bakin ƙofa, suna tare yara da alkawarin rangwame ga mai mansiyon. Neman ɗalibai ba laifi ba ne, amma da na tambayi ɗaya ko gwamnati ta amince da digirin wannan fanni, kuma rangwamen na shekara ɗaya ne ko har a gama, sai ya shiga kewaye-kewaye. Ya kamata masu shirin su tantance kafin su ba kowa wuri, tunda da sunansu iyaye suka yarda. Duk wanda aka yi wa irin wannan tayi, ya nemi a rubuta masa, ya kuma ga takardar izini da idonsa. Sannan mafi yawan jawabai da Faransanci aka yi, fassarar Hausa tana zuwa a gurguje, iyaye mata da dama suna zaune ba su bi ba, alhali su ne za su sayar da tunkiya idan kuɗin rajista ya zo.

Ɗiyata ta tsaya a kan likitanci, a nan Maradi. Wannan karon da bakinta ta faɗa, bayan ta zauna da ɗalibar nan ta tambaye ta komai, har da gadin dare a asibiti da batun aure a tsakiyar karatu. An haɗa ta da wata ƴar shekara ta uku da za ta riƙa duba ta, kuma har yanzu suna waya. Ƙaninta yana ajin ƙarshe bana, na riga na ciro takardunsa na bi su harafi bayan harafi, na kuma aika wa masu shirin cewa idan za su sake yi, ni zan kai sanarwar gidan rediyo da kaina.