Kyallen bagaden Ista da muka ɗinko a Gombe

Mu matan zumunta muka haɗa kuɗi muka kai wa wani tela a Tudun Wada ya yi mana kyallen bagade (teburin hadaya a coci) na Ista. Gaskiya aiki ya fito, ga Ɗan Rago, alamar Yesu, a jikin kyallen, fari fat riƙe da tuta, ga jan zare a ƙirjinsa, ina ganinsa na tuna Fitowa 12, jinin da Isra'ilawa suka shafa a dogaran ƙofa a Masar, da kalmar Yohanna 1:29, "Ga Ɗan Rago na Allah", da Fada, limamin cocinmu, ke faɗa kafin mu karɓi Jikin Kristi, sai da na yi hawaye. Ya dai ɓata mana rai, alkawarin Laraba sai Asabar da yamma muka karɓa. Amma mun wanke, jan bai zuba ba. Zan koma wurinsa.