Tsokaci kan wata cibiyar koya wa yara karatun Turanci a Bauchi

Cibiyoyin darasin yamma sun yawaita a garin Bauchi, amma akasarinsu hadda suke sa yara, a yi ta rera A, B, C da ƙarfi alhali yaro bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Akwai wata a wajen Wunti da ta kauce wa wannan hanya, domin ba ta fara Turanci sai yaro ya iya karanta Hausa.

Wasu iyaye suna gunaguni cewa Turanci suka biya kuɗi a koyar, amma a ganina malaman ne ke da gaskiya. A rubutun boko kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, saboda haka yaro yakan yi saurin gane yadda gaɓoɓi ke haɗuwa su ba da kalma, kuma ya san ma'anar abin da ya karanta. Turanci kuwa haruffansa 26 ne, sautukansa kimanin 44, ga shi kuma harshe ne da yaron ba ya ji a gida, wato an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda. Farawa da Hausa ba sabon abu ba ne a jihar, domin shirin inganta karatun yara na NEI Plus da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta ɗauki nauyinsa daga 2015 ya bi wannan tsari a firamaren gwamnati a Bauchi da Sakkwato.

Idan an shiga Turanci, tsarin Jolly Phonics suke bi, wato koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, mai koyar da manyan sautuka 42, wanda ke farawa da s, a, t, i, p, n. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin da malamar ajin take yi a kan p da v, waɗanda yaranmu kan mayar da su f da b.

Inda cibiyar ta gaza shi ne littattafan labarai. Kaɗan ne, kuma na ƙasashen waje ne masu zancen dusar ƙanƙara, har yaro ya furta jimla daidai amma ya kasa faɗin abin da take nufi. Yaran da Fulatanci ne harshensu na gida ma ba a yi musu wani tanadi ba. Kuɗin wata bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba, sai dai darasin bayan la'asar yana cin karo da Islamiyya, don haka ajin Asabar da safe ya fi dacewa da yawancin gidaje.