Casio fx-991ES Plus: tana warware tagwayen ikweshon, amma kada ɗalibi ya jingina da ita

A Legas, ko a shagunan littattafai na CMS ko a rumfunan Computer Village da ke Ikeja, da wuya ka nemi kalkuletar ɗan sakandare ba a miƙo maka wannan ba. Iyaye daga Agege zuwa Idi-Araba suna sayenta saboda an ce tana fitar da x da y na tagwayen ikweshon, wato layukan lissafi biyu da ake warwarewa tare, da kanta. Gaskiya ne, tana fitarwa. Abin dubawa shi ne ko hakan ya wadatar da yaron da zai zauna jarrabawar WAEC.

A ce ɗan kasuwa a Mile 12 ya sayar da kwandon tumatir 3 da buhun albasa 2 a kan naira dubu 130, sannan kwando 2 da buhu 5 a kan dubu 160. Idan x kuɗin kwando ne, y kuɗin buhu, a dubban naira, to 3x + 2y = 130, kuma 2x + 5y = 160.

A kalkuletar, danna MODE, sai 5, wato EQN, sashen ikweshon, sai 1, zaɓin haruffa biyu. Gidaje shida za su bayyana, uku a kowane layi, ƙarƙashin a da b da c. Ka shigar da 3, 2, 130, sannan 2, 5, 160, kana danna = bayan kowace lamba. Ka ƙara danna =, X = 30 zai fito; ka sake, Y = 20. Kafin ƙiftawa da bismilla an gama. Zaɓi na 2 na haruffa uku ne, kuma a nan ne ta fi biyan kuɗinta, domin aikin haruffa uku da hannu yakan cinye shafi guda.

To amma mai duba takardar WAEC yana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsa kaɗai ba. Wanda ya rubuta x = 30, y = 20 tsurarsu ya yi wa kansa asara. Dole a nuna yadda aka soke harafi ɗaya. Ninka layin farko da 2, ya zama 6x + 4y = 260. Ninka na biyu da 3, ya zama 6x + 15y = 480. Yanzu 6x na sama da na ƙasa sun zo ɗaya, sai ka ɗebe na farko daga na biyu: x ya tafi, saura 11y = 220, y = 20. Mayar da 20 cikin layin farko: 3x + 40 = 130, 3x = 90, x = 30. Ko layi ɗaya daga wannan kalkuletar ba ta nunawa.

Wuri biyu yara suka fi faɗuwa a aikin hannu. Na farko, su ninka ɓangaren hagu su manta da na dama, sai ka ga 6x + 4y = 130. Na biyu alama ce: in lambobin harafin da za a soke alamarsu ɗaya, ɗebewa ake yi, in ɗaya na da ragi ɗaya babu, kamar 4y da −4y, tarawa ake yi. Ɗebe −3y daga 5y kuwa 8y ne, ba 2y ba, kuma wannan ƙaramin abu ya ci makin ɗalibai da yawa. A nan kalkuletar take da rana: yaro ya gama da hannu, ya shigar da lambobin, in amsa ta saɓa ya san akwai inda ya zame, tun kafin malam ya karɓi littafi.

Ita ma tana da nata sharuɗɗan. Ba ta karɓar komai sai a tsarin ax + by = c. In tambaya ta zo da 2y = 130 − 3x, sai ka gyara ta da kanka, ka dawo da 3x hagu, alamarsa ta canja. Wanda ya zuba lambobi yadda ya gan su zai samu amsa tsaf-tsaf, amma ba ta tambayarsa ba, kuma na'urar ba za ta ce masa uffan ba. In wani layi ba shi da y, sifili ake sa wa gidansa. Lamba mai ragi da maɓallin (−) ake shigar da ita. Tsofaffin lambobi kuma suna nan a gidajensu bayan an gama, don haka a danna AC kafin sabuwar tambaya. In amsa ta fito kamar 7/2, maɓallin S⇔D zai mayar da ita 3.5. Haka kuma layuka irin x + y = 4 da 2x + 2y = 9 ba su da amsa; na'urar za ta ƙi fitar da X da Y, amma sai da hannu za ka ga dalili, domin sokewa za ta bar ka da 0 = 1.

Jikinta ba laifi. Hasken rana da batir LR44 take amfani da su, ba ruwanta da ɗauke wuta, kuma murfinta yana kare gilashi a jakar yaron da ke matsatsin danfo kullum. Jabu dai ta cika kasuwa. Kafin ka biya, ka gwada misalin tumatir ɗin nan a gaban mai shago, ka danna kowane maɓalli ka ji ko yana maƙalewa, ka karkata ta ka ga ko rubutun yana dusashewa. Arhar da ta wuce hankali ita ma alama ce.

Mai shirin JAMB ya sani ba a shiga ɗakin da kalkuleta, ƙaramar da ke kan kwamfutar kuma ba ta da EQN. Na WAEC ya tambayi makarantarsa irin wadda aka yarda a shiga da ita. Ga ɗan SS1 zuwa SS3, a saya masa, da sharaɗin sai ya gama da biro kafin ya zare murfin.