Tsakuwar ƙoda: eko, radiyo ko sikana, wanne ya kamata ka biya wa kuɗi?

Da zafi ya kankama, daga Maris zuwa Mayu lokacin da Marwa da Kusiri da Njamena ke haura digiri 40, masu ciwon tsakuwar ƙoda ƙaruwa suke, kalkil ɗin nan da likitoci ke faɗa. Mutum ya yini yana zufa bai sha ruwan kirki ba, fitsari yayi kauri, gishirin ciki ya dunƙule. Ciwon ya kama kwiɓi ya gangaro mara har matsematsi, ga amai, zama ya gagara kwanciya ta gagara, toh a wannan halin duk takardar hoton da aka miƙo maka biya zakayi baka tambayi komai ba. Amma hotunan nan ba ɗaya suke ba, a kuɗi da kuma yawan reyon, wato hasken na'ura da ido baya gani, da ke ratsa jikinka.

Ana auna reyon da wani ma'auni da ake kira milisivat, a taƙaice mSv. Ko baka taɓa shiga asibiti ba kana ɗaukar kamar 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Ekografi, wato eko, sifili ne, sauti take aiki da shi. Radiyon ciki na yau da kullum, wato hoton X-ray wanda ake rubutawa ASP, bai cika wuce 1 ba. Sikana, na'urar da ake zura mutum ciki ta ɗauki hoton jiki yanka yanka, ta ciki da mara yadda aka saba yinta tana kai wajen 10, kaga reyon ɗin shekara huɗu kenan cikin 'yan daƙiƙu. Hukumar FDA ta Amurka ta ƙiyasta cewa 10 ɗin nan na iya ƙara haɗarin mutuwa da ciwon daji, wato kansa, da kamar 1 cikin 2000. Ba abin tada hankali bane in sau ɗaya ne. Matsalar ita ce tsakuwa mai dawowa ce, kusan rabin waɗanda sukayi tana sake zuwa musu cikin shekara 5 zuwa 10, kuma yawanci mutane ne masu sauran shekaru a gaba, in duk zuwanta sai anyi cikakkiyar sikana abin taruwa yake.

Ni dai a ganina eko ce ta fari ga yawancin mutane. Ta fi arha nesa ba kusa ba, ana samunta har a ƙananan garuruwan da ba sikana, kuma tana nuna abinda yafi muhimmanci a daren farko, wato ko ƙodar ta kumbura saboda fitsari ya rasa hanya. A 2014 an buga wani bincike da akayi a asibitoci 15 na Amurka kan mutum 2,759, wasu aka fara musu da eko wasu da sikana, waɗanda aka fara da eko sun sha reyon kaɗan kuma ba'a ga sun fi shiga wata babbar matsala ba. Sai dai tana da nata rauni, kar wani ya ruɗe ka. Tsakuwar da ta riga ta faɗa bututun da ke saukar da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara sau da yawa eko bata ganinta, iskar hanji ke tare ta, tana kuma ƙara wa tsakuwa girma fiye da yadda take, sannan komai ya dogara da hannun mai riƙe na'urar. Eko a hannun gwani da eko a hannun wanda yayi stage, wato koyon aiki, na wata biyu ba ɗaya bane wlh, ka tambayi wa ke yi kafin ka biya. Ka je da fitsari a mara, ta haka ake ganin ƙasan da kyau.

Mai ciki da yara kuwa ba ma zancen zaɓi, eko ce farko.

Radiyon ASP shi kaɗai ban cika son a kashe masa kuɗi ba. Tsakuwar kalsiyom tana fita a ciki, ta asid yurik bata fita sam, ƙanana ma ɓuya suke bayan kashi da iska. Amfaninsa in an haɗa shi da eko ne, ko in an riga an san tsakuwar tana fita a radiyo ana son a ga ta sauko ko tana nan inda take.

Sikana ce sarauniya a wannan harkar, kusan ba tsakuwar da ke kuɓuce mata, tana faɗin girmanta da milimita da inda ta tsaya da taurinta, in ma ba tsakuwa bace apandisit ne ko wani abu dabam zata nuna. Amma abinda mutane da yawa basu sani ba shine sikana kala kala ce duk da na'urar ɗaya ce. Akwai wadda akeyi da allurar iyod a jijiya, uroscanner, a wuce da kai cikin na'urar sau uku ko huɗu, reyon ɗin ya ninka wani lokacin har ya haura 20, kuɗin ya ƙaru, sai ka sayi ruwan allurar, sai anyi gwajin kreyatinin tukun don a ga ƙodar zata ɗauka. Wannan tana da wurinta, misali in ana zargin ƙari ko ana shirin wani aiki, amma don kawai a ga ko akwai tsakuwa ba'a buƙatarta. Akwai marar allura da cikakken reyon, ita ce mai 10 ɗin. Sai kuma marar allura mai ƙaramin reyon, wadda ke tsayawa wajen 3 ko ƙasa, wasu sabbin na'urori ma ƙasa da 2.

Dalilin da yasa ƙaramin reyon ke isa shine tsakuwa fari tas take fitowa a hoton, naman da ke kewaye da ita kuma toka toka. Neman farin rago ne cikin baƙaƙen awaki, farin wata ma ya isa, ba sai an kunna fitilar mota ba. Hoton zai ɗan yi dishi dishi amma in aka haɗa bincike da dama ana samun tana gano sama da kashi 95 cikin 100. Inda take ɗan kuskure shine 'yan ƙananan da basu kai milimita 3 ba, waɗannan kuma yawanci da kansu suke fita. Sai mai jiki sosai, shi ƙaramin reyon baya ratsa shi da kyau, shi yasa ake cewa ta fi dacewa da wanda IMC ɗinsa, wato lissafin nauyi da tsawo, bai kai 30 ba, kamar mai tsawon mita 1.70 da bai kai kilo 87 ba.

Ba wata na'ura ta musamman bace, saiti ne. Mai ɗaukar hoton zai rage ƙarfin wutar, ya taƙaita hoton daga saman ƙoda zuwa ƙasan mafitsara kar ya haɗa da ƙirji, ya wuce sau ɗaya. Amma fa abinda aka rubuta a takarda shi yake bi, in an rubuta sikanar ciki kawai saitin da ya saba zai danna. Don haka tun a ofishin likita zaka yi maganar, cikin ladabi, kace likita don Allah in ba matsala a rubuta min sans injection, basse dose, wato marar allura mai ƙaramin reyon. In yace a'a ga dalili toh shi ya duba ka, ka bi. In kana da halin zaɓar wuri, kamar mutanen Kusiri da ke tsallaka gada zuwa Njamena ko wanda zai taso daga ƙauye zuwa Garwa, a buga waya tukun a tambaya ko suna yin mai ƙaramin reyon don kalkil, ko na'urar ma tana aiki ranar, da kuma wa zai karanta hoton da yaushe sakamako zai fito. Tsada ba ita ke nuna ƙarancin reyon ba, sau da yawa mai tsadar ita ce mai allura.

Bayan an gama ka duba takardar sakamakon, wurare da dama suna rubuta PDL, wato jimillar reyon ɗin da na'urar ta lissafa, da wata lamba. Ka ninka lambar da 0.015 zaka samu kimanin mSv ɗin da ka sha. In 200 ne kusan 3 kenan, in 700 ne ka haura 10.

Akwai lokacin da duk wannan lissafin ajiye shi akeyi. Ciwon kwiɓi da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ko mai ƙoda ɗaya, ko aman da ya hana ruwa zama, wannan asibiti ne yanzu yanzu kuma duk hoton da aka samu a yi, ƙodar da ta toshe ƙwayar cuta ta shiga tana kashe mutum cikin kwanaki. Haka kuma jini a fitsari ba kullum tsakuwa bane a wajenmu, wanda ke shiga ruwan Logon ko Lagdo ko aikin shinkafa a Yagwa a fara duba masa tsargiya, gwajin fitsari ne mai sauƙin kuɗi.

Inda aka fi ɓarnar kuɗi da reyon shine bibiya. Tsakuwar da bata kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta cikin 'yan makonni, wadda ta haura 10 da wuya, sai likitan mafitsara ya sa hannu. Tsakanin nan ba sai an maimaita sikana duk sati biyu ba, eko da ASP sun isa a mafi yawan lokuta. Ka karɓi CD ɗinka ko fim ɗin, ka ɗauki hoton takardar a waya, don in ka canza asibiti baka da shi daga farko zasu sake. Ka riƙa tace fitsari da tsumma mai tsabta ko rariyar shayi, in ta faɗo ka adana ta a 'yar kwalba ka kai wa likita, in akwai inda ake gwada ta a gwada, don maganin hana ta asid yurik dawowa dabam yake da na kalsiyom.