Keɓaɓɓen launi, marufi ko alfa: wanne za ka ɗauka kafin ka tara hotuna?

Duk mai rubuta manhajar wasa ko ta zane yakan zo inda yake son ɗora hoto kan hoto ba tare da farin filin da ke kewaye da na saman ya biyo shi ba. Hanyoyin yin haka ba su da yawa, amma sauya hanya bayan ka tara ɗaruruwan hotuna aiki ne mai cin rai. Tambayoyi biyu ne za su raba maka gardama: yaya gefen hotonka yake, kuma za a riƙa ƙara masa girma ko juya shi a kan allo?

Wadda ta fi sauƙi ita ce keɓe launi guda, a ce duk piksel (ɗigo ɗaya cikin ɗigogin da suka haɗa hoto) mai wannan launi kada a zana shi. An saba ɗaukar majenta, wato ja 255, kore 0, shuɗi 255, don da wuya ta fito a zane na gaske. A SDL2 da pygame, kayan rubuta manhajar wasa, aikin SDL_SetColorKey ne a na farko, set_colorkey kuma a na biyu. Tsarin GIF na 1989 ma dabararsa ke nan: cikin launuka 256 a ware ɗaya. Hanyar ba ta cin ƙarin wurin ajiya ko bayit ɗaya, sai dai piksel ko yana nan ko ba ya nan, babu tsaka-tsaki. In mai zane ya lallausa gefen hoto, piksel ɗin bakin za su gauraya da majentar, su daina zama ainihin launin da aka keɓe, sai ka ga zobe mai ruwan hoda ya kewaye abin. JPEG kuwa kada ma a soma, domin matsewarsa tana ɗan sauya launuka. Keɓe launi ya dace da zane mai manyan piksel irin na tsofaffin wasanni, iyakarsa ke nan.

Marufi hoto ne na biyu mai bit ɗaya (0 ko 1) ga kowane piksel, wanda ke nuna ko piksel ɗin jikin hoton ne ko a'a. A da, akan huda gurbi a bango da lissafin bit na AND, sannan a zuba hoton da OR ko XOR. Haka tsofaffin gumakan Windows suke aiki. Bai ƙwace maka launi ba, amma gefensa na nan kamar haƙoran zarto. A ganina yau ba don zane za ka ɗauke shi ba, sai don gano karo tsakanin abubuwa biyu, ko sanin inda aka latsa. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080, a bayit huɗu kowane piksel, yana cin bayit 8,294,400. Marufinsa 259,200 kacal, kuma ana gwada piksel da yawa a bugu ɗaya. Da pygame.mask.from_surface ake ciro shi daga hoto, inda duk piksel ɗin da alfarsa, wato ma'aunin yadda yake rufe bango, ta haura 127 ake ɗaukar sa a matsayin jiki.

Alfa ita ce lamba ta huɗu bayan ja, kore da shuɗi: 0 ba a ganin komai, 255 a rufe ruf, tsakaninsu kuma shara-shara. Da ita ake samun inuwa, hayaƙi, gilashi da gefe mai santsi. Yawancin mutane nan za su tsaya, kuma daidai ne. Amma alfa iri biyu ce, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe.

A alfa tsantsa, launi yana zaune yadda yake, sai lokacin zane a ninka shi da alfar. A ninkakkiyar alfa, wadda Thomas Porter da Tom Duff suka bayyana amfaninta a 1984, an riga an ninka tun kafin zane. Ɗauki piksel ja zalla, kusa da shi kuma wanda ba a gani, wanda manhajojin zane da dama ke barinsa baƙi mai alfa 0. Da an ƙara wa hoton girma, katin hoto zai ɗauki matsakaicinsu: ja 127, alfa 127. A tsarin tsantsa za a sake ninka 127 ɗin da rabi, abin da zai isa allo wajen 64 ne, ja mai duhu. Asalin baƙin zoben nan da ke bin gefen hotuna ke nan. A ninkakken tsari kuwa, lambobin nan dai su ne, amma ma'anarsu rabin ja zalla, wanda shi ake so. Bambancin a OpenGL, tsarin ba katin hoto umarnin zane, kalma ɗaya ce: GL_ONE a gurbin GL_SRC_ALPHA a farkon glBlendFunc.

Ninkakkiyar ma tana da nata aibin. In alfa 10 ce, launi ba shi da mataki sai daga 0 zuwa 10, kuma abin da ya zube ba ya dawowa ko ka raba. Shi ya sa shawarata ita ce ka adana hotunanka da alfa tsantsa, wadda dama ita ƙa'idar PNG ta tanada, ka ninka sau ɗaya lokacin lodawa. Sau ɗaya fa. Ka san halin laburarenka, wato kayan manhajar da ke loda maka hoto, kafin ka aminta da shi: stb_image da Pillow suna miƙo maka alfar yadda take a fayil, amma tsarin ARGB32 na Cairo ninkakke ne, haka ma Bitmap na Android in ba ka hana shi ba. Ka ninka sau biyu, hoto ya yi duhu. Ka manta, gefe ya yi ƙyalli.

Wani abin da alfa ke ci shi ne tsari: dole a zana na baya kafin na gaba. A fili mai zurfi (3D) da ke cike da ganyaye da shinge, jera su duka yana da tsada, don haka ake komawa ga yanke: piksel da alfarsa ba ta kai wata iyaka ba a watsar da shi da umarnin discard. Tsohon marufi ne ya dawo ta bayan gida.

Batun fayil ba shi da tsawo. PNG ga duk abin da za ka sake gyarawa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yana iya matse launi kamar JPEG ya kuma riƙe alfa, abin da ya sa ya dace da manyan hotunan shafin intanet.

Kafin ka tsai da magana, ɗauki hotonka mafi wahalar gefe, mai gashi ko hayaƙi, ka ninka girmansa huɗu, ka ɗan karkata shi, ka ɗora shi kan farin bango sannan kan baƙi. Baƙin zobe a farin yake fitowa, ƙyalli kuma a baƙin.