Wata bakwai ina haddar kalmomin Turanci da AnkiDroid

Tun muna SS1 malaminmu na Turanci ya kafa mana doka: kowace ɗaliba ta ware ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, duk ranar Juma'a ta kawo guda goma da ma'anarsu ya sa hannu. Ban taɓa fashi ba. Kafin mu shiga SS3 na cika littafi biyu, ina tsakiyar na uku, har ina jin kaina a kan haka. Da Yaya ya zo hutu daga Zariya na ɗauko su na jera masa don ya yaba. Ya ɗauki na farkon, ya buɗe tsakiya, ya ce, "To, mene ne reluctant?" Na yi shiru. Ya juyo mini da shafin. Rubutuna ne, har da layin jan biro da na ja a ƙarƙashin kalmar. Ya ƙara tambayata guda tara, na ci uku. Ya rufe littafin ya ce, "Ƙanwata, wannan ai aikin baban giwa kike yi."

Shi likitanci yake karanta, kuma ya ce yawancin 'yan ajinsu da wata manhaja mai suna Anki suke riƙe sunayen ƙasusuwa da na magunguna. Ya sa mini ta wayar Android, wadda ake kira AnkiDroid, a tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya damƙa wa Mama wayar, aka yi sharaɗi: minti ashirin bayan sallar asuba, rabin awa bayan isha'i, sannan a mayar da ita ɗakin Mama. Yau wata bakwai ke nan, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi yadda muka kwashe da ita, ko wata mai shirin WAEC da JAMB za ta amfana.

Manhajar ba ta da wani ado. Kati ne mai gaba da baya. A gaba ki rubuta tambaya, a baya amsa. Za ta nuna miki gaban, ki yi ƙoƙarin tunowa, ki taɓa ki ga amsar, sannan ki yi wa kanki alƙalanci da ɗaya daga maɓallai huɗu: Again idan kin manta, Hard idan da ƙyar, Good idan kin tuna, Easy idan ko tunani ba ki yi ba. Sabon kati yakan dawo bayan minti ɗaya, sannan bayan minti goma, sai gobe. Daga nan tazarar ta dinga buɗewa, kwanaki, makonni, har watanni. Wanda kika manta kuwa sai ya dawo kusa, ya yi ta bibiyarki. Ke nan kalmar da ta zauna ba ta cin lokacinki, wadda ke neman guduwa ita ake kamo miki.

Wani ɗan Ostareliya mai suna Damien Elmes ne ya ƙirƙiri Anki a 2006, sunan kuma daga harshen Japananci yake, ma'anarsa hadda. Tushen dabarar ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi gwaji a kan kansa, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farkon koyon abu take faruwa, kuma maimaici yana rage saurinta. Da Yaya yake ba ni wannan labari dariya na yi, na ce ai malamarmu ta Islamiyya ta riga Bajamushen nan zuwa kunnena. Duk wadda ta yi hadda ta san ƙarin sabon shafi ba shi ne wahalar ba, muraja'a ce. Ba wai ina haɗa Littafin Allah da kalmomin Turanci ba ne, amma ƙwaƙwalwar ɗaya ce, kuma halinta ɗaya. Abin mamakin shi ne shekara biyu ina cika littattafai, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in yi musu muraja'a ba.

Watan farko ɓarna na yi, kuma laifina ne. Akwai tarin katunan da mutane suka haɗa suka saka kyauta, kowa na iya saukewa. Na ga wani mai dubban kalmomi, wanda aka shirya wa masu neman shiga karatun digiri na biyu a Amurka, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Manhajar sababbin kati 20 take bayarwa a rana idan ba a taɓa saitinta ba, Yaya ma cewa ya yi in rage. Ni kuwa na mayar da shi 50. Na yi ta haɗiyar kalmomi irin su pusillanimous da obfuscate, waɗanda har yau ban taɓa gani a wata takardar jarrabawarmu ba. Sai aka tashi bikin 'yar Gwaggo a Katsina, muka yi kwana biyar ban taɓa wayar ba. Da na dawo na tarar da kati sama da 400 suna jirana. Na zauna a kan tabarma ina ta danna Good, Good, Good ba tare da na karanta ba, don kawai lambar ta sauka. Mama tana ninke kaya tana kallona, ta ce, "Wannan karatu ne ko tsintar shinkafa?" A daren na goge tarin gaba ɗaya.

Daga nan ne na koma haɗa nawa da hannuna, kuma a nan amfanin ya fara. Kati takwas a rana, ba ƙari. Kalmomin daga tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB nake tsamo su, da labaran auna fahimta da Malam ke ba mu, da kuma littattafan nan uku da na kusa zubarwa. Na daina rubuta kalma tsirara. A gaban katin jimla nake sawa, kuma jimlar ta shafi gidanmu. Katin reluctant, alal misali, a kan autanmu ne idan an aike shi sayo kalanzir ana tsaka da kallon ƙwallo. A baya na rubuta: yin abu da jan ƙafa, ba da son rai ba. Ƙarƙashinsa kalma ɗaya mai kama da ita da ɗaya kishiyarta, domin haka tambayoyin suke zuwa, a nemi mafi kusa a ma'ana ko kishiya. Tun daga ranar, duk lokacin da na ga kalmar fuskar auta nake gani, ya turo baki.

Sa Hausa a bayan katin sai da muka yi gardama da ƙawata. Ita tana ganin koma-baya ne, wai mai son iya Turanci da Turanci ya kamata ya yi tunani. Na gwada hanyarta na ga inda take cutata. Ina iya haddace bayanin ƙamus tsaf, in karanto shi kamar karatun aku, amma idan aka ce in faɗa wa Mama abin da kalmar ke nufi sai in kasa. Idan na kasa faɗarta da Hausa, to ban san ta ba. Wani lokacin neman Hausar ma ya fi haddar wuya. Na yi kwana biyu ina neman abin da zan sa wa awkward kafin na rubuta mata misalai uku maimakon fassara ɗaya.

Inda manhajar ta fi yi mini rana shi ne ƙananan kalmomin da muke rainawa. A Hausa "ara" guda ɗaya ce, ki ara a wurin wata ko ki ara mata, amma Turanci ya raba su biyu, borrow da lend. Shi ya sa rabin ajinmu "borrow me your biro" muke cewa, Malam kuma ya dafe kai kamar an faɗa masa rasuwa. Haka "ji": muna jin magana, mu ji sanyi, mu ji wari, mu ji gishiri a miya, mu ji Turanci, su kuwa kowanne da kalmarsa. Akwai nau'in katin da ake ɓoye kalma ɗaya a cikin jimla a ce ki cike gurbin. Da shi na yi maganin waɗannan, da kuma 'yan ƙananan kalmomin nan masu bin wasu, irin su on, at, of da with, waɗanda su ne suka fi kayar da ni a takardar zaɓi-ɗaya mai tambaya 80. Babu wata doka da za ta gaya miki me ya sa ake cewa congratulate on amma accuse of. Sai dai ki yi ta haɗuwa da su har kunnenki ya saba.

Wani abu da ya ba ni dariya: idan kika manta kati sau takwas bayan kin riga kin koye shi, manhajar takan yi masa tambari da leech, wato matsattsaku, mai tsotse jini ba ya ƙara komai. Nawa na farko stationary da stationery ne. Na biyu conscious da conscientious. Da na duba sai na ga katin ne ban rubuta da kyau ba, na cusa kalma biyu masu kama a wuri ɗaya suna ta rikita juna. Na raba su aka zauna lafiya.

Amma fa ba ta san gaskiya da ƙarya ba. Idan kalma ta tsaya miki a bakin harshe, kika buɗe amsar kika ce "ai dama na sani", kika danna Good, za ta yarda da ke, ta ɗage katin zuwa wani makon. Babu Malam da zai ɗago kai ya kalle ki ta saman tabarau. Na daɗe kafin na horar da kaina cewa sai na furta amsar da baki kafin in buɗe.

Sai kuma abin da ba ta yi mini ba. A zango na biyu aka ba mu aikin wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan matsalar ruwa. Na ce yau ranar baje koli ce. Kalma 450 ɗin da ake nema na cika su da duk wata babbar kalma da na tara, har da wasu daga tarin Amurkan da suka maƙale mini. Takardar ta dawo ja-wur. Malam ya kira ni gaban teburinsa, ya sa yatsa a kan wata jimla ya ce, "Karanta mini wannan, ki faɗa mini da Hausa." Na karanta, na fara fassarawa, na tsaya a tsakiya, domin ni ma ban ga kanta ba. Ya ce, "Idan shugaban nan ya karanta wannan, zai haƙa muku rijiya ko zai nemi ƙamus?" Ya ɗauki biro ya mayar da layi uku zuwa kalma tara, duk kalmomin da na sani tun firamare. Na fita ina jin haushinsa, na kwana biyu kafin na yarda tasa jimlar ta fi tawa.

Furuci ma haka. Ranar da aka sa ni karatu a gaban aji na furta b ɗin da ke cikin debt da ƙarfina, aka kwashe da dariya. Na san ma'anarta, na san rubutunta, katinta ya kai tazarar wata biyu, amma ban taɓa jin an faɗe ta ba. Takarda ta uku ta Turancin WAEC kuwa tambaya 60 ce a kan sautuka da inda ake danna murya. Ana iya saka sauti a kati, ni ce ban yi ba da farko saboda ƙyashin data. Ko da na fara sakawa, abin da ya fi zauna mini shi ne yadda Malam yake buga tebur da tafin hannu yana raba mana record ta suna da record ta aikatau, da yadda yake sa mu riƙe 'yar takarda a gaban baki mu ce pan, mu ce fan, mu ga wacce ke kaɗa ta. Mu Hausawa p da f sun daɗe suna wasa da mu, waya kuma ba za ta ji ki ta gyara miki ba.

Wannan ya sa na sake kallon ajin namu. Da ina ganin darasin Turanci wurin kwafar allo ne da tsoron kada a kira sunanki. Mun fi sittin a aji, masu ɗaga hannu ba su wuce biyar ba, sauran kuma ba rashin sani ne ke rufe musu baki ba, tsoron dariya ne. Ga tarar da ake ci idan an kama ki kina Hausa, wadda a ganina shiru kawai ta koya mana. Abin da katunan suka canja shi ne yanzu idan Malam yana karanta labari ba na ɓacewa a layi na uku, don haka ina samun sararin jin abin da yake koyarwa. A jarrabawar gwaji da muka yi na tashi daga D7 zuwa C5. Sashen kalmomi ne ya ɗaga ni, insha'i da taƙaitawa suna nan kusan inda suke.

Ga mai son gwadawa: ta Android kyauta ce, babu talla, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar data. Ta kwamfuta ma kyauta ce, ta iPhone ce ake saya, kusan dala 25. A duba sunan da kyau, AnkiDroid, domin akwai wasu masu kama da sunan. A Turanci na same ta, kuma shafin saitinta yana da yawa, da ba don Yaya ba da na sha wuya a makon farko. A sa allon rubutu na Hausa a wayar saboda ƙ da ɗ da ɓ. Sannan a buɗe asusun AnkiWeb, wato ma'ajiyar katunan a intanet, shi ma kyauta, a riƙa tura katunan can. Wayata ta taɓa faɗawa bokitin wanki ta mutu murus, da ba don asusun da Yaya ya buɗe mini ba da aikin wata huɗu ya bi ruwa. Wayar Mama na ara na sauke su, har da tarihin kowane kati.

Idan JAMB ta rage saura mako biyu, kada ki wahalar da kanki, ba a yi ta don gaggawa ba, tambaya 60 ɗin Turancin nan tsofaffin takardu za su fi yi miki amfani. 'Yar SS1 ko SS2 ita ce za ta ci moriyarta sosai. Ni dai yanzu katunana sun haura 1,100, kuma abin da take ba ni kullum bai cika wuce 60 ba, ina gamawa kafin ruwan koko ya tafasa. Yau da asuba debt ta sake fitowa. Na faɗe ta a fili ba b, auta ya ɗago daga bargo ya ce da wa nake magana.