Katin bashi a Amurka: wanne za ka ɗauka, kuma wa zai biyo ka ranar da ka kasa biya?

Duk wanda ya sauka Amurka, ɗalibi ne ko direban tasi a unguwar Bronx ta New York, ba ya daɗewa zai gane cewa hayar gida mai kyau da bashin mota suna tafiya ne da tarihin bashinsa, wato abin da 'yan uwa a can suke kira kiredit. Hanya mafi sauƙi ta gina wannan tarihi ita ce katin bashi. Sai dai masu tallar kati garaɓasa kawai suke nunawa: kashi 2 cikin ɗari da za a mayar maka, ko makin tikitin jirgi. Abin da ya fi dacewa a gwada katuna da shi shi ne yadda kowannensu zai yi da kai a watan da aiki ya tsaya.

Kafin a shiga irin katunan, ga lissafin da ya shafe su duka. Idan ka biya duk abin da ka kashe kafin ranar da aka yanka, yawancin katuna ba sa ɗora kuɗin ruwa a kan sayayya, kuma dokar 2009 ta tilasta a aiko da takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin wannan rana. A nan ne masu gudun riba suke tsayawa, ko da yake malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar tun farko. Idan kuwa mafi ƙarancin biya kake bayarwa, dubi wannan: bashin dala 2,000 a kan ruwa kashi 24 a shekara yana haifar da dala 40 a wata. Ka biya dala 60, uwar kuɗin dala 20 kacal ta ragu. Kuma kada a tura kuɗi gida da katin bashi. Bankuna da yawa suna lissafa hakan a matsayin cirar tsabar kuɗi, su yanki kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwa kuma ya fara hawa tun daga ranar.

Ga sabon zuwa, kati mai jingina ya fi kowanne kwanciyar hankali. Za ka ajiye kuɗinka, galibi daga dala 200, su zama iyakar abin da za ka iya kashewa. Idan abu ya lalace, banki zai cire haƙƙinsa daga ajiyar, don haka da wuya ragowar ta kai girman da za a kai ka kotu. Amma jinginar ba ta biya maka wata-wata, kuma jinkiri yana shiga tarihinka kamar na kowane kati. Ka tambayi abu uku kafin ka ajiye ko sisi: suna kai rahoto ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato Equifax, Experian da TransUnion, duka? Akwai kuɗin shekara? Bayan wata nawa suke duba yiwuwar mayar maka da ajiyarka?

Na biyu shi ne katin ƙungiyoyin ajiya da lamuni na mambobi, kiredit yuniyon. Waɗanda ke da rajistar tarayya ba sa wuce kashi 18 a shekara, iyakar da take nan tun 1987, alhali matsakaicin ruwan katunan bankuna ya haura kashi 20 tun 2023. Sun kuma fi sauƙin zama a yi magana idan mutum ya shiga matsi. Ƙugiyar da ke ciki ita ce, yawancinsu suna sa sharaɗin cewa kuɗin da ke asusunka na ajiya jingina ne ga bashin katin. Ka yi jinkiri, su ɗiba ba tare da zuwa kotu ba. Wanda albashinsa ke faɗawa wannan asusu ya karanta wannan layi sau biyu.

Katin manyan bankuna yana da garaɓasa mai kyau ga wanda yake biya gaba ɗaya kowane wata. Ga wanda zai riƙa barin saura, garaɓasar kashi 2 ba ta kama ƙafar ruwan kashi 24 ba.

Katin kantuna kuwa, irin wanda ake cusa maka a wurin biyan kuɗi, shi ne mai yawan jawo kuka. Ruwansa yakan kai kashi 30, kuma alkawarin nan na babu ruwa har wata 12 yana da ƙaya. Ka sayi kujerun dala 1,200, ka yi ta biya har saura dala 50 a ranar da wa'adi ya cika. Ba a kan hamsin ɗin za a lissafa ruwa ba. Za a koma tun ranar sayayya a tattaro shi, ka tashi da ƙarin kimanin dala 200. Ƙasa da shi akwai katin da ake aiko wa masu raunin tarihi ta gidan waya: iyaka dala 300, kuɗaɗen shekarar farko dala 75, domin doka ta tsayar da su a rubu'in iyakar. Mai dala 200 a hannu da zai iya buɗe kati mai jingina ba shi da dalilin karɓar wannan.

Yanzu ga abin da ke faruwa idan biya ya tsaya, domin a nan yawancin ƙorafe-ƙorafe suke. Kwana ɗaya da wuce rana, tarar jinkiri ce ta dala 30 zuwa 40 da 'yan kai. An yi dokar rage ta zuwa dala 8 a 2024, wata kotu a Texas ta soke ta a 2025. Kwana 30, a kai rahoto ga masu ajiye tarihin bashi, tabon ya zauna shekara bakwai. Kwana 60, banki na iya ɗaga ruwa a kan tsohon bashin ma, ko da yake dole ya sauke idan ka biya a kan lokaci wata shida a jere. Wajen kwana 180, sai ya rufe asusun a littafinsa a matsayin asara. Mutane da yawa suna ɗauka an yafe ke nan. Ba a yafe ba. Banki zai ba 'yan karɓar bashi kwangila, ko ya sayar da shi. Binciken hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, na 2013 ya nuna masu sayen tsofaffin basussuka suna biyan kimanin santi 4 a kan kowace dala, kuma sau da yawa jerin sunaye da lambobi kawai suke karɓa, babu takardun asali.

Daga nan ake samun ƙorafin da ya fi yawa a kan 'yan karɓar bashi a gaban hukumar kare masu mu'amalar kuɗi, CFPB: ana bin mutum bashin da ba nasa ba, ko wanda ya riga ya biya. Mu da sunayenmu suke yawan kama da juna, Muhammad Abdullahi nawa ne a gari guda, wannan ba labarin nesa ba ne. A 2015 hukumar ta sa bankin JPMorgan Chase ya mayar da aƙalla dala miliyan 50 saboda sayar da basussuka masu kuskure da sa hannu a takardun kotu ba tare da dubawa ba. A shekarar dai ta hukunta manyan masu sayen bashi biyu, Encore Capital da Portfolio Recovery Associates. Rumbun ƙorafin hukumar a buɗe yake a intanet. Kafin ka nemi kati, ka sa sunan bankin ka ga irin kukan da ake yi da shi, kana tuna cewa babban banki dole ya fi ƙarami yawan ƙorafi.

Dokar tarayya ta 1977, FDCPA, ta ɗaure hannun 'yan karɓar bashi. Ba kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Ba zagi, ba barazanar ɗauri ko kora daga ƙasa, ba faɗa wa maƙwabci ko maigidanka a wurin aiki cewa ana bin ka. Tun Nuwamban 2021, kira fiye da bakwai cikin kwana bakwai a kan bashi ɗaya ana ɗaukarsa takurawa. Dole su ba ka takardar bayanin bashin, kai kuma kana da kwana 30 ka musanta a rubuce. Da zarar ka yi, sai su dakata har su kawo hujja. Ka aika wasiƙar ta hanyar da gidan waya ke ba da shaidar karɓa, ka adana kwafi. Wanda ya karya dokar ana iya ƙararsa cikin shekara ɗaya, diyya har dala 1,000 ban da kuɗin lauya. Gibin dokar shi ne ba ta hau kan bankin da ya ba da katin idan shi da kansa yake bin kuɗinsa, sai a jihohi irin Kalifoniya da suka toshe wannan da dokarsu. Shi ya sa halin banki yake da muhimmanci tun wajen zaɓe. Ka kuma duba yarjejeniyar katin ko ta hana ka zuwa kotu sai gaban mai sasantawa. Wasu suna ba da 'yan makonni ka ƙi wannan sharaɗi a rubuce.

Kuskure biyu ne suka fi cin mutane. Na farko, biyan ɗan wani abu a kan tsohon bashi don a rabu da kira. Kowace jiha tana da wa'adin da za a iya kai ƙara, galibi shekara uku zuwa shida, kuma a jihohi da yawa dala 10 tana farfaɗo da wa'adin daga farko. New York ta rage nata zuwa shekara uku a 2022, ta kuma hana farfaɗowar. Na biyu, watsi da sammaci. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya gano fiye da kashi 70 na irin waɗannan shari'o'i ana yanke su ne saboda wanda ake ƙara bai amsa ba. Da wannan hukunci za a iya yankar har rubu'in albashinka bayan haraji, ban da jihohi kamar Texas da Pennsylvania da ba su yarda da hakan a bashin kati ba. Yawanci kwana 20 zuwa 30 ake bayarwa don amsa sammacin, kuma amsar da ta ce a kawo shaidar mallakar bashin takan isa ta girgiza mai ƙara.

Wanda ya riga ya nutse, ya fara da kiran bankinsa kafin kwana 180 ya nemi shirin sassauci. In bai yiwu ba, ƙungiyoyin ba da shawara marasa neman riba da ke ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, NFCC, suna haɗa basussuka su nemi ragin ruwa, a biya cikin shekara uku zuwa biyar. Kamfanonin da ke talla cewa za su rage maka rabin bashi kuwa, cewa za su yi ka daina biya, su ci kashi 15 zuwa 25 na bashin, kuma ba su hana a kai ka kotu a tsakani. Duk ragin da aka yi maka, ka karɓi takarda kafin ka biya, kuma in abin da aka yafe ya kai dala 600, hukumar haraji za ta samu labari, tana iya lissafa shi cikin kuɗin shigarka na shekarar.